Ɗan Jagoran Dogo

Idan ka haɗu da Bendix Tadsen a titin garin Husum ranar Litinin, ba abin da zai sa ka waiwaya. Mutum ne gajere mai sanƙo da ɗan tumbi, wandon aikinsa kullum da faci a gwiwa, domin sana'arsa shimfiɗa kafet da daɓen katako a gidajen mutane. Ko a cikinmu mutanen bakin tekun nan, da gaisuwa ɗaya kan ishe mu wuni, Bendix shiru-shiru ne. Masu gidajen da yake yi wa aiki sukan manta sunansa tun gam bai bushe ba. Akwai tsohuwar da ta taɓa ba shi kofi da safe, da rana ya dawo daga ɗauko kaya a mota ta tare shi a bakin ƙofa tana tambayarsa wa yake nema.

Abin bai taɓa damunsa ba, ko kuma haka yake cewa, domin yana da inda ake saninsa. Duk watan Mayu akan yi taron kwana biyu a Bremen, na masu son wasannin kwamfuta da fina-finan katun na Japan da littattafan labari cikin zane, inda kowa ke zuwa da shigar gwanin da yake so. A can, in Bendix ya ratso zaure, dubban mutane ne ke darewa su ba shi hanya suna kiran suna. Sai dai ba sunansa suke kira ba, Dogo suke cewa.

Asalin Dogo cikin wani tsohon wasan kwamfuta yake, wanda yanzu ko na'urar buga shi sai an tona. Uban Bendix masunci ne mai kamun jatan lande, ya fi zama a teku fiye da gida, uwarsa kuma tana aiki a gidan burodi, saboda haka yaron ya girma ne shi da allo. A wasan akwai wani ƙato mai gansakuka a jiki da ke tsaye a bakin fadama. Ba shi ne jarumi ba, ba shi ne mugu ba, ko magana ba ya yi. Aikinsa ɗaya ne: in ka iso bakin ruwa ya ɗauke ka ya tsallakar, ya koma ya tsaya. Sauran yara wucewa suke yi da gudu su je kashe dodanni. Bendix kuwa sai ya tsallaka ya dawo, ya sake tsallakawa, don kawai a ɗauke shi.

Yana dab da shekara talatin ya fara leƙa taron, da rigarsa ta gida. Ya ga ma'aikatan banki da wutsiya, ya ga malaman makaranta da takubban soso da suka fi su tsawo, ya kuma ga ba mai yi wa wani dariya. Ya koma gida ya share garejinsa, ya kama haɗa shigar Dogo. Ya tara ragowar soson da ake sawa ƙarƙashin kafet, wanda masu gida ke cewa a zubar, ya ɗauko tsohuwar komar ubansa, ya warware zaren kafet ya rina shi kore ya ɗaura mata tsilli-tsilli. Ya sayi ƙafafun ƙarfe masu ƙara tsawo, irin waɗanda masu shafen silin ke ɗaurawa. Da abin ya haɗu, sai a tsakar gida yake iya miƙewa da shi, gareji ya yi masa kaɗan. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta taga ta gani, ta ja labule, ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta tashi daga unguwar.

Cikin kuwa wuta ne. Akwai 'yar fanka a cikin kan, amma numfashinka dai take mayar maka. Gani kuma sai ta wata 'yar raga a bakin Dogo, wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ba ka ganin ƙafarka balle abin da ke gefenka. Shi ya sa duk mai babbar shiga irin wannan ba ya fita sai da ɗan jagora, mai riƙe masa hannu da ruwan sha, mai buɗe masa hanya.

Shekarar farko Bendix bai san haka ba, ya fita shi kaɗai. Bai yi nisa ba ya maƙale tsakanin teburin littattafai da kwandon shara, mutane sun yi masa zobe suna ɗaukar hoto, zufa ta rufe masa ido, ya rasa gabas ya rasa yamma. Sai ya ji wata murya ta tsaga zauren tana cewa a matsa, ko ba a ga bawan Allah zai faɗi ba ne. Gesa ke nan. Direbar bas ce, ta kwaso 'yan taro daga Flensburg aka ba ta tikiti kyauta, ta shigo neman kofi da wurin zama, ba ta san wasa ko ɗaya ba. Ta kama gwiwar hannun Dogo ta ja shi kamar mai shigar da bas gareji da baya. Da suka je bayan labule ta cire masa kan, ta dubi jar fuskarsa ta ce ashe duk wannan ƙaton abu ɗan wannan ne a ciki. Shekara na zagayowa suka yi aure.

A wurin masu manyan shiga akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba, amma ba a wasa da su. Wanda ke ciki ba ya magana. Ba a cire kai a gaban jama'a sai a ɗakin hutu bayan labule, kuma wanda ya ga fuskar wani a ɗakin nan ya bar ta a can. Sai babbar cikinsu: maganar ɗan jagora ita ce yankewa. Na ciki ba ya sanin ya kusa suma sai ya ji shi a ƙasa, daɗin tafi ke ɗibarsa, saboda haka in ɗan jagora ya bubbuga masa hannu, hutu ya zo, ko wane ne ke jiran hoto.

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Ba su haihu ba, ba su kuma mai da abin zance ba, ɗakin da ya fi kowanne iska a gidan na Dogo ne. Duk hunturu Bendix na ciki yana ɗinke abin da ya yage, yana sake rini. Ya ba Dogo tafiya irin tasa, a hankali, da nauyi, kai a sunkuye kamar mai tunanin duniya. Yaran da ya taɓa shafa wa kai suka girma suka dawo da nasu yaran. Wasan ya mutu, masu shi sun rufe shago, Dogo na nan. Bangon falonsu cike yake da hotuna, kuma da yake firam ba ya ɗaukar faɗi, yawanci abin da ake gani na Gesa gwiwar hannu ce da rabin kwalba. Bendix yakan ce shi fuska ba ta dame shi ba, ai in ana son Dogo shi ake so, wa ke ciki in ba shi ba? Da wannan yake rarrafe a ɗakunan mutane sauran kwanakin shekara, yana shafa gam cikin kwanciyar hankali.

Sai gwiwa ta ce ta gaji. Rarrafen sana'a ya ci rabi, ƙafafun ƙarfe suka cinye saura. A watan Fabrairu likita ya dubi hoton ƙashin ya ce aiki za a yi a ƙarshen shekara, kafin nan kuwa ko tsani kada ya hau. Da Bendix ya yi masa bayanin ƙafafun ƙarfe, likitan ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya gaji da tafiya da ƙafarsa ne. Abin haushi kuma, shekarar ce masu shirya taro suka sanar za su karrama Dogo a kan dandamali ranar Lahadi, don ya cika shekara ashirin yana zuwa.

Ya dawo gida ya zauna a kicin, ya cika ya yi fam. Gesa na feraye dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ita za ta shiga cikin Dogo. Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ya baro asibiti. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ba wanda ya san tafiyar Dogo kamarta, tun da shi bai taɓa ganin tafiyar ba, ita kuwa a kallonta ta ƙare ƙuruciyarta.

Ya yarda, kuma gara a faɗi dalilin yardar, don ba na kirki ba ne. Bendix ya tabbata za ta kasa. Ba faɗuwa yake so ta yi ba, matarsa ce, yana sonta. So yake mutane su tsaya su ce bana Dogo ba daidai yake ba, wani abu ya ragu. Wannan wani abun shi ne Bendix, kuma a duk rayuwarsa ba a taɓa rasa shi a wuri an lura ba. Ya yi ta koya mata a tsakar gida, yana zaune a kujera da sandarsa yana ba da oda kamar kofur, yana jin wani daɗi a ɓoye duk lokacin da ta yi tangaɗi.

Ranar Asabar suka shiga ta ƙofar baya kamar kullum. A ɗakin hutu ya ɗaure mata ƙafafun, ya zura mata jikin, ta zauna a bakin tebur ya kifa mata kan. Sannan ya ɗaura jakar ƙugunta, wadda sai da ya ƙara wa igiya ta zagaya, ya sa kwalba mai bututu da salatif a ciki, ya rataya tawul.

Labule na buɗewa zauren ya ɗauka da kiran Dogo. Bendix ya sha jin wannan kiran, amma ta cikin soso, a dushe, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Bai san haka yake da ƙarfi ba. Ya ɗaga kai ya ga gansakukar da ya rina da hannunsa tana lilo a ƙarƙashin fitilu, ya ga ƙaton kan yana juyawa a hankali, ya ga fuskoki duk sun kalli sama, baki a buɗe. Abin ya yi kyau. Ya yi ta zuba ido ko zai ga mai yamutsa fuska, ya kasa kunne ko zai ji mai cewa an canza. Ba ko ɗaya. Abin da ya samu shi ne wayoyi. Kowa ya zo sai ya danƙa masa waya a hannu ba tare da ya dubi fuskarsa ba, ya ce a ɗauka a tsaye, a tabbata kan ya fito.

Wajen hantsi wasu matasa masu shigar 'yan fashin teku suka zo wucewa da akwatin kiɗa. Dogo ya tsaya. Bendix ya ɗauka igiyar ƙafa ce ta kwance, har ya sunkuya zai duba, sai ya ga ƙugun Dogo ya karkata hagu, ya karkata dama. Kafaɗu suka bi. Dogon da tun da aka ƙera shi bai taɓa ɗaga hannu sama da kafaɗa ba, ga shi yana taka rawa a tsakiyar zaure, irin rawar da Gesa ke yi a kicin in rediyo ya sako waƙar zamaninsu. Ihun da aka yi, har masu soya dankali a waje sai da suka leƙo.

Kishi ya taso wa Bendix tun daga gwiwar mai ciwo har maƙogwaro. Ba zai iya cewa ga wanda yake kishi da shi ba, matarsa ko abin da ya ƙera da hannunsa, amma ji ya yi kamar ya tarar su biyun sun daɗe da haɗa baki a bayan idonsa.

A wannan hali suka iso teburin Marlies, tsohuwar da ke sayar da tsofaffin littattafai a lungu ɗaya tun kafin a san Dogo. Kowace shekara Dogo kan tsaya ya sunkuya mata, ita kuma ta ba mai jagora alewa. Ta dubi Bendix sama da ƙasa.

"Kai kuma daga ina? Ina 'yar'uwata mai muryar nan?"

Ya ce ba ta samu zuwa ba bana.

"Ayya. Ba dai rabuwa suka yi ba? To ka gaishe ta, ka ce Marlies ta ajiye mata alewarta. Tun safe mutum nawa suka tambaye ni ita." Ta jawo shi kusa ta rage murya, wai kada Dogo ya ji. "Ka ga mutumin nan? Bara da bara waccan har na ce gara ya ajiye abin nan haka, ya tsufa. Yana jan ƙafa kamar mai rakiyar gawa, tausayi yake ba ni. Bana kuwa kamar an sa masa sabon batir. Ko me ake ba shi, a ci gaba da ba shi."

Ta mayar da murfin gwangwanin, ko alewar ba ta ba shi ba.

To ka ji. An yi kewar mutum a taron nan, amma ba shi ba. Wadda ya ɗauka gwiwar hannu ce a gefen hoto, ita ce mai fuska, ita ake cigiya. Shi kuwa a ganinsu yana nan a ciki, ana yaba masa rawar da bai yi ba, ana kuma gaya masa a kunne cewa shekarunsa na baya jan ƙafa ne.

Nan ya tuna akwai abu ɗaya a hannunsa ban da kwalba. Da jama'a suka sake taruwa, layi ya yi tsawo, ya miƙa hannu ya bubbuga wa Dogo. Dogo ya ɗan tsaya kamar mai mamaki, sannan ya juya ya bi shi, don ƙa'ida ƙa'ida ce. Bayan labule Gesa ta ce ko zufar kirki ba ta yi ba. Ya ce ai haka duk mai shirin suma yake cewa. Ya ƙara da cewa Dogo ba ya rawa. Ta tsotsi ruwa ta tambaye shi ko Dogon ne ya gaya masa. Wani tsohon abokin taronsu mai shigar kerkeci, da ke zaune gaban fanka da kansa a cinya, ya sa baki ya ce wa Bendix ya kwana biyu yana ɓoye musu gwana a gida, ai da tuntuni ya bar mata Dogo ya karɓi kwalba. Bendix ya yi yaƙe.

Suka koma, aka taru, ya bubbuga. Suka sake komawa, kiɗa ya tashi, ya bubbuga. Kafin la'asar zaman Dogo a bayan labule ya fi tsayuwarsa a zaure. Da ya ga abin zai fito fili sai ya canza dabara. Ya daina bin babbar hanyar tsakiya, ya riƙa janta ta bayan rumfuna, ta lungun banɗaki da wurin ajiye kwanduna, wai can cunkoso ya yi yawa. Ita ba ta ganin komai sai abin da ragar ta nuna mata, inda ya ja nan take bi. Jama'a kuwa suka biyo su har can. A ranar aka yi layin hoto a ƙofar banɗaki, masu uzurin gaske suna matse ƙafa suna zagin ɗan jagora. Da yamma a masauki suka ci burodi da kifi. Ita ta tsoma ƙafafunta a ruwan sanyi tana 'yar waƙa, shi yana duba waya, inda rawar Dogo ta riga ta zaga ko'ina.

Lahadi da rana zauren dandamali ya cika maƙil, har ana zama a ƙasa. Mai gabatarwa wani saurayi ne mai suna Jannik, cikin shigar ɗan sama jannati, bakinsa kamar an kunna rediyo. Dogo ya hau ta gangaren gefe, Bendix na riƙe da shi da hannu ɗaya, sanda a ɗaya hannun. Aka kashe fitilu aka fara nuna hotunan shekarun baya a babban allo. Ga Dogo na farko, gansakuka fari-fari don rinin bai kama ba. Ga shekarar da kunne ɗaya ya faɗi aka liƙe da salatif. Ga shekarar da fanka ta mutu ana tsakiyar zafi, wadda Bendix ya dage har aka tashi, ya koma gida ya kwanta jinya. Kowane hoto ya san abin da ke bayansa, ya san warin cikin, ya san inda igiya ke cizo. Shi ne a ciki, duk shi ne. Jama'a kuwa suna tafi suna kallon wanda ke tsaye a dandamali. In gefen hoto ya nuno Gesa da kwalbarta sai wani ya yi fito, a ƙara tafi.

Da fitilu suka dawo Jannik ya ce tun da Dogo ba ya magana, ɗan jagora ne zai yi a madadinsa, ya miƙa wa Bendix makirfo. Abin da suka shirya tun a mota gajere ne: Dogo ya gode, Dogo zai dawo baɗi. Bendix ya riƙe makirfo ya dubi kawunan da suka cika zauren. Bai taɓa magana a gaban taro ba, ko a ranar aurensa Gesa ce ta yi godiya. Zuciyarsa ta ce masa in ya sauka daga nan bai faɗa ba, shekarun nan ashirin sun zama na wani har abada.

"Ni ne Dogo," in ji shi.

Zauren ya fashe da dariya. Kuma laifinsu ne? Ga Dogo tsaye, kansa na neman fitilun sama, ga wani gajere mai sanƙo a gindinsa da tawul a kafaɗa da jakar mata a ƙugu, wai shi ne. Bendix ya ɗaga murya ya ce da gaske yake, shi ya ƙera shi a gareji, wannan komar ubansa ce, duk hotunan nan shi ne a ciki. Yadda ya ƙara dagewa haka dariya ta ƙaru. Wata mai fikafikai a layin gaba har tana share hawaye. Sun ɗauka shiri ne, kuma a ganinsu ba a taɓa yin shiri mai daɗinsa ba. 'Yan tsirarun da suka san gaskiya suna can cikin nasu kawunan soso, ba mai bakin magana.

Jannik ba ya barin dama ta wuce. "To yallaɓai, mun ji naka. Bari mu tambayi mai abin." Ya ɗaga kai sama. "Dogo, gaskiya ne? Wannan ne kai?"

Ƙaton kan ya sunkuyo a hankali har ragar bakin ta fuskanci Bendix. Ba a ganin komai ta waje, amma ya san inda idanunta suke, shi ya auna wurin. Ya kafe wurin da ido yana roƙo ba da baki ba. Gyaɗa kai ɗaya ya isa. Ko ba su yarda duka ba, wani zai koma gida yana tunani.

Dogo ya daɗe a haka. Sannan ya girgiza kai, hagu da dama, a hankali, irin girgizar da Bendix ya koyar a tsakar gida. Ya ɗaga ƙaton hannunsa ya ɗora a kan sanƙon ya shafa, kamar yadda yake yi wa yara masu kuka. Mutane suka miƙe tsaye. An ce ba a taɓa tafi irin na ranar ba a zauren nan, kuma Bendix na tsakiyarsa, kunnuwansa jawur, hannun soso a kansa.

A hanyar komawa ɗakin hutu, karo na farko tun da yake zuwa taron, mutane suka nemi hoto da shi kansa, ba Dogo ba. Ana dafa kafaɗarsa ana ce masa ya iya barkwanci, wani ya tambaye shi ko a gidan wasan kwaikwayo yake aiki. Har suna aka raɗa masa, Baba Ni-Ne, ana kira daga nesa ana ɗaga masa hannu.

Ya ja labule. Ta zauna a bakin tebur, ya kwance igiyoyi ya ɗaga kan. Gashinta ya manne, fuskarta ta yi ja, idanunta kuwa suna wani ƙyalli wanda ya san daga inda yake zuwa. Ya ajiye kan ya tsaya a gabanta.

"Gyaɗa kai kawai, Gesa. Me zai rage miki?"

Ya zaci ƙa'ida za ta kawo masa, ta ce ba a tona cikin Dogo, har ya tanadi amsa. Ba ta kawo ba.

"Na yi niyya," ta ce. "Na gan ka, ka ba ni tausayi. Sai na ji ba na so. Tafin yau nawa ne, tsoho, ni na yi rawar, kuma ya yi mini daɗi. Ban ga dalilin da zan miƙa maka shi ba."

Ya ce ita ai an san ta, tun jiya ake cigiyarta, shi fa?

"An san ni da riƙe kwalba. Abin nan da ke cin ka tun jiya, ka ɗauka kai ka fara jin sa? Tun muna sababbin aure nake jin sa. Ana miƙo mini waya ana ture ni gefe, kai kana can sama ana kiran ka, mu koma gida ka yi mako kana ba ni labarin abin da aka yi a gabana. Har mafarki na sha yi na shiga abin nan." Ta share gumi da kafaɗa, don hannuwanta na cikin na Dogo. "Amma ban taɓa bi da kai ta lungun banɗaki ba."

Ashe ta sani. Ta 'yar ragar nan ta gane hanyar, ta bi shi ba ta ce komai ba. Kunya ta kama Bendix, amma kada a yi masa ƙarya, kunyar ba ta kashe kishin ba, zama suka yi tare a ƙirjinsa. Can ya ce, a hankali, likita ya ce in aikin ya yi kyau wataƙila baɗi ya iya hawa.

"Ina fata gwiwar ta warke, da gaske nake," ta ce. "Amma ko ta warke ban fita ba. Sai dai mu raba, kai Asabar ni Lahadi, kuma ka shirya jin ana cewa na Lahadi ya fi." Ta buɗe baki. "Ruwa."

Ya sa mata bututun ta sha. A waje an fara buga ƙafa a ƙasa ana kiran Dogo, masu jiran hoton ƙarshe kafin a rufe. Ta ce ya mayar mata da kan. Yana da ikon cewa a'a, shi ne ɗan jagora, kuma jan da fuskarta ta yi ya isa kowa ya ba shi gaskiya. Ya dube ta da kyau, irin duban da aikin ke bukata, ya ga lafiyarta ƙalau, da sauran ƙarfi sosai a jikinta. Ya so a ce bai gani ba.

Ya ɗauki kan da hannu biyu. Ya kifa mata, ya ja igiyoyin ya ɗaure tamau, ya gyara gansakukar wuya yadda ba mai ganin ɗinki. Sannan ya cika kwalba, ya kama gwiwar hannun Dogo, ya buɗe labule, ya bi da shi ta babbar hanyar tsakiya, ransa na ƙuna a kowane taku.